Manjan Hannu

Tarin Auta ne ya tsayar da keken ɗinkin. Ba irin tarin mura ba ne, wannan sai ƙirjin yarinyar ya loɓa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana shewa. Maman Auta ta yar da almakashi, ta sa mata abin shaƙa a baki, idonta na kan taga. Sama ta sake yin baƙi ƙirin.

Abin da ya ɗaure mata kai ke nan. Ita ce fa ta tayar da matan unguwa a kan kamfanin manja, wanda bututunsa ke feso musu hayaƙi kullum. Gida-gida ta bi har bakinta ya bushe: kada wadda ta ƙara sayen jarkar kamfani, kowa ta koma manjan hannu. Mata kuwa suka ba ta haɗin kai. Jarkoki suka yi kwantai a shaguna, manyan motoci suka daina kai da kawowa, bututun ya rage aman da yake yi. Har guɗa aka rangaɗa mata.

Mijinta a kamfanin yake tuƙi, amma bai hana ta ba. Da sassafe zai fita aiki yadda ya saba, ya dawo idanu jajur, ya daɗe yana dirzar hannu da sabulu. Shi ma yakan riƙo mata manjan hannun, wai wani ke ba shi. Ta ce a ranta, kai, ita kam ta yi dacen miji.

To, wannan sabon hayaƙin fa daga ina? Na kamfani fari-fari ne, sama yake yi. Wannan kuwa mai nauyi ne, ƙasa-ƙasa yake bi, yana warin roba, yana ɓata mata yadin mutane. Likita bai ɓoye mata ba: in yarinyar ta ci gaba da shaƙarsa, wata rana za a kawo ta a makare. Tun daga ranar tsoro bai sake ta ba.

Da Auta ta samu barci, ta bar wa maƙwabciya ita, ta ja mayafi ta bi hayaƙin. Ta wuce masu walda, ta shiga lungun bayan makaranta. Ashe ko nisa babu. A wani kango ta tarar da durom-durom a jere, cike da ƙwarar manja suna tafarfasa, ƙarƙashin kowanne tsohuwar tayar mota na ci balbal.

"Baba, kashe mu za ku yi?" ta ce wa dattijuwar da ke da wurin.

"'Yar nan, ku ne fa kuka ce na hannu kuke so. Da, durom ɗaya nake ɗorawa. Yanzu wane itace zai ishe ku? Ba don wancan bawan Allah da ya zo mana da dabarar taya ba, da ban iya da ku ba. Kamfani ne ya sallame shi tun da ciniki ya mutu, ga iyali, shi ne ya laɓe a nan."

Ran Maman Auta ya ɓaci matuƙa. Ta ratsa hayaƙin tana tari, ta nufi mutumin da baki cike da magana. Yau sai ya ji sunan ciwon 'yarta.

Ya gama cusa wata taya cikin wuta, ya juyo, ya janye tsumman da ya ɗaure hancinsa.

Mijinta ne.