Wanda Ya Goce wa Alu Kafaɗa

Hashimu mahauci bai ko tuɓe kayan aiki ba da ya dawo daga kwata. Ya tarar da mai ɗori yana mayar wa ɗansa Alu kafaɗa, ƙato ɗan shekara goma sha tara yana ta kururuwa a tsakar gida.

"Wa ya yi maka?"

Alu ya juya fuska bango. Sai a tambaya ta uku ya ce, "Cikin 'yan judo ne."

Kyauta, mahaifiyarsa, ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Kowa a Agege ya san wurin 'yan judo. Wani tsohon sito ne bayan layin dogo, inda Ismaël, maigadi ɗan Nijar, ke shimfiɗa katifu yana koya wa yara kokawar Japanawa. Hashimu ya daɗe da tsanar wurin, a ganinsa 'yan daba ake ƙyanƙyashewa. Shi kuwa Alunsa zafin zuciya kawai gare shi irin na maza. In ƙannensa sun yi kuka, ai ladabi yake koya musu.

Maƙwabta sun ce Ni'ima, ƙanwar Alu, tana wurin aka yi abin. Hashimu ya ɗauki gora ya tasa ta gaba.

"Za ki gane shi?"

"Zan gane, Baba."

Muryarta a dishe take, amma babu in'inar da ya saba ji, kuma ido cikin ido ta amsa. Ya ce a ransa, zafin ɗan'uwa ne.

Da gora ya bugi ƙofar siton. Yara wajen ashirin cikin fararen kaya suna tsaye a jere, an bar gurbin mutum ɗaya a farkon layi. Babu wanda ya gudu. Wannan ma ya ƙara tunzura shi.

Ismaël ya tare shi a bakin katifa. "Malam, nan ba a shiga da takalmi."

"Ai da takalmin zan taka ka. Fito min da wanda ya nakasa min ɗa."

"Ban koya wa kowa ya fara kai hannu ba. Amma wanda aka shaƙe, na koya masa yadda zai kuɓuta."

'Yan okada masu haya da babur suka yi cincirindo a ƙofa, wani na zuga mahaucin da Yarbanci. Hashimu ya ɗaga gora, ya rantse a gaban jama'a cewa ko ɗan waye, sai ya karya masa hannu biyu kafin ya bar wurin. Ismaël bai matsa ba, bai kuma dunƙule hannu ba.

Hashimu ya waiga. "Ke, nuna min shi."

Ni'ima ta cire silifas, ta rusuna, ta hau katifa. Ta bi layin a hankali tana wuce su ɗaya bayan ɗaya, uban na biye da ita da ido. Ta wuce manyan samarin duka ba ta nuna kowa ba.

A farkon layi ta shiga gurbin ta tsaya, ta sassauta hijabinta har shatin yatsu ya bayyana a wuyanta, ta miƙo hannayenta biyu.

"Ga su, Baba. Karo na huɗu ke nan Yaya Alu yana shaƙe ni a watan nan, yau ne kawai na ƙi tsayawa."