Busasshen Cuku A Kunun Yarinya

Ke da kike cewa kin gaji da auna wa ɗanki abinci da cokali, gyara zama ki ji wannan. A garinmu aka yi shi, can arewa inda ake shanya cuku a rana.

Akwai wata mata, cuku ne sana'arta. A tatso shanun mijinta, ta daskarar da madarar, ta baza ta a kan 'yar tabarma, ruwan ya tsiyaye, rana ta ƙarasa aikin. Cukunta har matafiya ke tambayar gidan. Sai ga shi 'yarta, bayan yaye, ta yi doguwar gudawa. Ta warke, amma cikinta ya ƙi madara. Ko kurɓi ɗaya ta yi, cikin ya kumbura, ya yi ta ƙugi, zawo ya dawo. A asibiti likita ta ce a ɗauke mata madara da nono da man shanu, a bar ta da kunun gero da shinkafa mai laushi. Ciki ya lafa, amma yarinya ta yi ta ramewa, har awarwaron da ke hannunta ya riƙa zamewa yana faɗuwa ƙasa. Uwar ta tsince shi ta mayar, anjima ya sake faɗuwa. Gida cike da cuku, 'yar gida ba ta taɓawa. Maƙwabta suna cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa, uwar kuwa ta yi murmushi, ta shiga ɗaki ta share hawaye.

Da suka koma asibiti, likita ta ce yanzu a gwada mata cuku, domin abin da ke tayar da cikin nan yawancinsa yana bin ruwan madarar ya fita. A fara da ɗan kaɗan, a ga yadda ciki zai karɓa. To, a wurinmu kowa ya san rabon: busasshen cuku na maza ne masu shan shayi, mai laushi na yara da tsofaffin da haƙora suka zube. Uwar mijin, mace mai tausayi da gaggawa, tana jin an ce cuku sai ta nufi tabarma, ta yago sabo, ɗanye, mai laushi, faɗin tafin hannu, ta ba jikarta. Yarinya ta cinye tana lashe yatsu. Kafin la'asar ciki ya birkice, aka koma gidan jiya. Mijin ya ce a bar maganar cuku, tsohuwa ta ce jinin yarinyar ne bai haɗu da shi ba, gida duk ya yarda.

Matar ba ta yi gardama ba, wa ke ja da suruka? Amma maganar ruwan nan ta tsaya mata a rai. Ita da hannunta take matse cuku, ta san sabo da sauran ruwa a jikinsa. Ta bari cikin ya kwanta, ta koma ta tambayi likita ko busasshen zai yi, likita ta ce ta gwada a hankali. Sai ta sauko da tsohon cuku daga ragaya, wanda ya bushe ƙamas, in ka jefa shi a ƙwarya sai ya yi ƙara. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ke 'yar nan, mai laushi ya gagara, dutse za ki ba ta?" Matar ta durƙusa ta ce, "Inna, a yi mini haƙuri in gwada."

Ta ɓalli ɗan gutsure, bai kai ƙwayar wake ba. Ta daka a turmi, ta jiƙa, ta dafa shi cikin kunu har ya narke. Ta ba yarinya, sannan ta zauna jira, tana taɓa ciki, tana duba abin da ya fita. Ba ta ƙara ba sai da ta ga kwanaki sun wuce lafiya. Ran da cikin ya ɗan yi ƙugi, ta rage, ta koma inda ta faro, ba ta ji kunyar komawa ba. Yarinya na ganin cuku a tabarma tana kuka tana miƙa hannu, uwar ta goya ta ta bar wurin, zuciyarta na ciwo. Mata suna yi mata dariya, wai mai cuku tana yi wa 'yarta rowar cuku. Ta bar su da bakinsu. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi, gutsuren nan yana girma a hankali.

Wata safiya tsohuwa ta kamo hannun jikarta za ta wanke mata, ta ja awarwaro don ta cire, ya ƙi fita. Sai da aka shafa sabulu. Yarinya kuwa ga ta da guntun cuku a ɗaya hannun tana gwaguya, ciki shiru. Tsohuwa ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ɗaga kai ta ce wa surukarta, "Ashe dutsen ya dahu. Allah ya yi miki albarka."

Matar nan ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk inda na zauna ina alfahari da ita. Yarinyar yau ita ke shanya cukun gidan. Don haka ɗauki cokalinki ki koma ki ci gaba da aunawa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.