Wa Ya Rubuta Na Bakwai?

Littafin ya faɗo kan tebur da ƙarfi, har shayin Ustaz Shaukat ya fantsama a ƙirjin rigarsa. Matarsa, Madam Afaf, tana can layin ƙarshe da jaka a cinya, ta hango tabon, ta kuma san wanda zai wanke shi.

Amm Sobhi ne ya jefo littafin, tsohon direban tasi da ya karance labaran Sufeto Zahran na Ustaz Shaukat kaf a bayan sitiyari yana jiran fasinja. Shekara goma sha biyu mutanen Iskandariyya suna bin wannan sufeto cikin lungunan tashar jiragen ruwa, in sun ɗauki littafi ba sa ajiyewa sai sun ga bangon baya. Yau sun cika ɗakin taron da ke saman kantin littattafai bayan la'asar, kuma ba gaisuwa ce ta kawo su ba. Littafi na bakwai ya fito, ya ɓata musu rai.

"Ya Ustaz, shafi tamanin na ci ba a yanka ko kaza ba!" in ji Amm Sobhi. "A na farko, tun shafi na biyu gawa ke yawo a ruwa. Nan kuwa Zahran ya tsaya bakin taga yana tunanin rayuwa. Uban wa ya aike shi tunani?"

Ɗakin ya ɗauki shewa. Ustaz Shaukat ya yi murmushin nan nasa na talabijin, ya fara bayanin cewa marubuci yakan girma, alƙalaminsa ya girma tare da shi. Bai kai ƙarshe ba wata mai kantin magani, Doktora Hala, ta miƙe da littafinta cike da tsinken takardu.

"Gubar da ke cikin na huɗu sai da na duba, daidai take har awo. A wannan kuwa, abin da ya kashe ƙato mai gashin baki shi nake ba jarirai in cikinsu ya kumbura. Sannan Zahran da ya daina shan sukari tun rasuwar matarsa, a shafi na talatin ya zuba cokali uku!"

Afaf ta runtse ido. Shafi na talatin da ɗaya ne. Ita ma sai da aka buga littafin ta gani, ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Shekara ashirin ta yi tana buga takardun shari'a a kotu, ta san yadda jama'a ke yi in sun ji ƙanshin faɗuwar mutum. Sunan mijinta shi ne abin da ta yi ta riritawa duk tsawon shekarun nan, ta hana ko ƙuda ya sauka a kai. Ga shi yanzu ana yagar sa a gabanta, mai kamfanin buga littattafan yana layin gaba yana kallon takalmansa.

Wani ya tambayi sunan lungun da ɗan fasa-ƙwaurin nan mai hannu ɗaya ya ɓuya a na uku. Ustaz ya kurɓi ragowar shayi, ya dubi rufi, ya ce tsufa ya fara taɓa shi. Ba wanda ya yi dariya.

Amm Sobhi ya sake tashi, wannan karon a hankali, kamar wanda ya gano ɓarawo.

"Ni fa na gane. Wannan ba hannunka ba ne. Hawaye, tunani, furanni a taga, ai rubutun mata ne! Faɗi gaskiya, ya Ustaz, gajiya ka yi ka miƙa wa Madam alƙalami? In haka ne mun yafe. Ka karɓe abinka, ka rubuta mana na takwas da kanka, magana ta wuce."

Kawuna suka juyo baya gaba ɗaya. Afaf ta dubi mijinta, tana jira ya tsawatar. Sai ta ga fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da aka buɗe wa ƙofa yana tsakiyar hayaƙi.

"To," ya ce yana 'yar dariya, yana buɗe tafin hannu, "kun san halin mata in suka nace. Na ɗan bar ta ta gwada."

Aka fashe da dariya, har da masu tafi. Mai kamfani ya ɗago kai, ya sauke ajiyar zuciya. Ustaz ya kafe ta da ido ta saman gilashinsa, yana roƙon ta gyaɗa kai kawai.

Afaf ta miƙe. Ta fuskanci tsohon direban.

"Ya Amm Sobhi, ka ji da kyau. Wallahi tallahi, ko harafi ɗaya ban rubuta a cikin wannan littafin ba. Nasa ne daga bango zuwa bango."

Ɗakin ya ɓarke fiye da da. Ba ta tsaya saurare ba, ta rataya jakarta ta fita.

A tsakiyar matakala Ustaz ya cim mata, yana haki, ya damƙi hannun rigarta.

"Kin kashe ni, Afaf! Kalma ɗaya fa, me za ta rage ki da shi? Yanzu wa zai ƙara sayen Zahran?"

Ta zare hannunta, ta yi ƙasa da murya don kada na sama su ji.

"Shida na rubuta maka, ka sha tafi ban ce uffan ba. Guda ɗayan da ka rubuta da hannunka kuwa, ya Ustaz, kai za ka ɗauki abinka."