Dawowar 'Yan Badujala

Ranar Talata, ashirin da takwas ga Mayu, gari ya waye da yayyafi a Mafara. Taiba ta kafa murhunta a bakin ƙofar sakandare kamar kullum, ta lulluɓe itace da leda, ta ɗora tandar waina. Motar 'yan badujalar makarantar ba ta dawo ba.

Tun jiya suka tafi Maradun faretin ranar yara, da gangunansu da begilolinsu. Malam Surajo, mai koya musu kiɗa, ya bugo waya da la'asar ya ce direba ya ƙi kama hanya da yamma, kwana za su yi. Daga nan waya ta daina shiga.

Babu wanda ya san ƙungiyar nan kamar Taiba. Tun shekarar da ta fara suya a wurin take jin atisayensu ta bayan katanga. Ta san mai begilar da numfashi ke yanke masa a tsakiyar taken ƙasa. Ta san yaron da ke rataya babbar ganga, wanda da farko hannunsa ke riga na kowa sauka, har Malam Surajo ya mayar da shi bugun benci sai da ya natsu. A gabanta suka tafi Bakura suka dawo da kofi. A gabanta suka tafi Gusau suka dawo babu mai magana da wani. Kowace tafiya takan ƙulla musu waina a leda, ta miƙa ta tagar mota, ba ta duban wanda ya karɓa.

Kafin hantsi iyaye sun cika bakin ƙofa. Maza suka tsaya gindin darbejiya, kowa da waya a kunne. Mata suka zauna a bencinta, don nan ne kaɗai ake samun ɗumi.

Wani mai babur da ya ɗauko kaji zuwa kasuwa ya tsaya ya sha ruwa. Ya ce an ji harbi a hanya da sassafe. Ya ce ya wuce wata farar mota ta kife a kwalbati, bai tsaya ba.

Maman Bushira ce ta fara zubewa ƙasa da kuka. Sai sauran suka ɗauka, kowace tana kiran sunan nata, kamar yaran suna bayan katanga za su amsa. Taiba ta juya waina. Ta zuba mai, ta zuba ƙullu, ta sake juyawa. Layi guda ya ƙone a gabanta. Ta ga hayaƙin, ta kwashe, ta zuba wani.

Ta ɗebo ruwa ta shafa wa Maman Bushira a fuska, ta gyara mata mayafi.

Wata matashiya, matar wani ma'aikaci da aka yi wa canji zuwa garin bana, ta dube ta da jajayen idanu.

"Ke kam, mai waina, kin huta. Ba ki da kowa ciki."

Tsohuwa Hauwa da ke gefenta ta taɓa mata gwiwa. Matashiyar ba ta gane ba.

"Allah dai shi kawo su lafiya," in ji Taiba.

Yayyafi ya tsaya. Rana ta leƙo, ta koma. Amalanke da motocin kasuwa suka yi ta wucewa, kowace ta nufo sai mutane su miƙe, ta wuce su zauna. Taiba ba ta miƙe ko sau ɗaya ba. Ƙullun ya ƙare, ta ci gaba da goge tandar da tsumma.

Gab da azahar wata motar albasa ta rage gudu. A saman buhunan akwai fararen riguna, sun yi dumu-dumu da taɓo.

Jama'a suka rufe hanya. Yara suka dinga dirowa, wani da ɗaurin goshi, wata babu takalmi. Bushira ta faɗa jikin uwarta. Matashiyar nan ta rungume ƙanen mijinta tana dukan bayansa tana kuka. Aka miƙo begiloli a lanƙwashe. Aka miƙo babbar ganga, ko ƙwarzane babu a jikinta. Wanda ya miƙo ta ba shi ne mai ratayarta ba.

Malam Surajo ya leƙo daga sama, muryarsa a dashe.

"Ku ba mu hanya, asibiti za mu! Wa ke nan na Imrana mai babbar ganga?"

"Kakarshi na Birnin Tudu," wani ya amsa. "Ita ka riƙonshi."

Malam ya ce, "Kanshi ya bugu da ƙarfe. Yana numfashi, amma tun can muke kiranshi bai amsa ba."

Taiba ta ajiye tsumman. Ba ta kashe wuta ba. Ta ratsa mutane, ta taka taya, ta kama ƙarfen bodi ta hau, zanenta na jan taɓo. Maza suka kau da kai. Direba ya ja mota.

Yaron na kwance tsakanin buhuna, an tallafe kansa da rigar malam. Ya fi yadda take zato tsawo. Gashin baki ya fara tsiro masa, ba ta taɓa lura ba. Malam Surajo ya sake kiransa, ya girgiza masa kafaɗa. Shiru.

Ta durƙusa. Ta kai bakinta kusa da kunnensa. Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito.

"Imrana."

Fatar idonsa ta yi rawa. Ya buɗe su a hankali yana neman mai kiran. Muryar ya san ta, kiran ne baƙo: ɗanta ne na fari, tun da ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.