Gwandar Goggo

Har yau in na ji ƙamshin furen gwanda, wata la'asar ce take dawo mini. A Randagi ne, lokacin yaƙin basasa, ko makaranta ba a sa ni ba. Bayan ɗakin Goggo, yayar babanmu, akwai ɗan lambu na tumatir da yakuwa da gwanda uku. Ita ta shuka su da ta dawo gida, bayan aurenta ya mutu ba ta samu haihuwa ba. Biyu sun yi 'ya'ya. Ta ukun fure kawai take yi, kuma a gindinta Goggo take alwala.

Baba ya dawo daga daji da adda a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi gwandar, ya ce ai wannan namiji ce.

Goggo ta ce, "Bar mini ita, ina son ƙamshinta."

Ya ce, "Haba Yaya, abin da ba ya haihuwa, ina amfanin ba shi ruwa?"

Sara biyu ya yi mata ta faɗi. Farin ruwa ya riƙa tsiyaya daga kututturen. Goggo ta ɗauki butarta ta shige ɗaki. Shi kuwa ya goge addarsa, ya tambaya ko an gama tuwo.

Sai da na yi nawa lambun na san namijin ne yake sa sauran su yi 'ya'ya. Amma ba wannan ke ci mini rai ba. Har Baba ya koma ga Allah, bai san ya faɗi wata magana ba.