Ƙaramin Jirgin Da Ta Zaɓa

Alhaji da matarsa sun sayar da gidansu na garin Bowie don su tare a jirgin ruwa mai tafiya da iska. Shi babban jirgi yake so. Matarsa, mai tsoron ruwa tun ƙuruciya, ta kafe sai ƙarami.

Da suka hau wani ƙarami don su duba, ya ce, "Hajiya, zama fa za mu yi a ciki. Wannan ko kicin ɗinmu bai kai ba."

Ta dubi hannuwansa da ciwo ya sa suke rawa tun bara. Sai ta kama igiya, ta ɗaga ƙyallen jirgin har ƙoli ita kaɗai, iskar kogin Potomac ta cika shi.

"Na je na koya, Alhaji. Babban ya fi ƙarfina. Wannan zan iya tuƙa mu, kai dai ka zauna kusa da ni."