Masarar Lahadi

Ina ɗan shekara tara mai bisharar ƙauyenmu, can bakin dajin Birnin Gwari, ya katse wa'azi ya nuna Mama da yatsa. "Ga wadda masara ta fi mata Ubangiji!"

Laifinta kawai, ta je karyar masara ran Lahadi, don birai na cinye gonar da Baba ya rasu ya bar mana. Na yunƙura, ta danne min cinya da hannunta mai kaushi. "Zauna. Maganar Allah muka zo ji, ba tasa ba."

Mama ta yafe, ni ban yafe ba. Yanzu ya tsufa, wurina yake roƙon masara. Ina cika masa kwando, amma sai Lahadi, a ƙofar coci, ya ɗauka da kansa.